“Mushe, Ba a Koya Mana Wannan Ba”

A hutun da ya wuce wata tsohuwar ɗalibata ta zo gaishe ni. Shekara goma sha biyu ke nan da na koyar da ita a CM2, kuma a wancan ajin babu wanda ke gabanta. Ta ci BEPC, ta ci bak, ta shiga jami'a ta fito da lisansi. Bayan mun gaisa na tambaye ta labarin aiki. Sai ta sunkuyar da kai ta ce an kira ta ganawa a wani kamfani a Yamai. Ta yi sati biyu tana shiri, ta haddace duk abin da take zaton za a tambaye ta. Tambayoyin farko sun tafi daidai. Can sai ɗaya daga cikin mutum ukun da ke zaune a gabanta ya duba takardunta, ya ga daga Maraɗi take, ya ce: “Buhu nawa na gero mutanen Maraɗi ke ci a rana ɗaya?”

Na ce, “To ɗiyata, me kika ce musu?”

Ta ce, “Shiru na yi, Mushe. Da suka matsa sai na ce ban sani ba. Wallahi ba a koya mana wannan ba.”

Ba a sake kiranta ba. Ni kuma maganar ta tsaya mini a rai, domin gaskiya ta faɗa, kuma ina cikin waɗanda ba su koya mata ba.

Ra'ayi biyu nake da shi game da irin waɗannan tambayoyi na wasa ƙwaƙwalwa. A ɗakin ɗaukar ma'aikata amfaninsu kaɗan ne, ya kamata masu ɗaukar aiki su rage dogaro da su. A cikin aji da tsakar gida kuwa amfaninsu babba ne, mu malamai da iyaye kuma mun yi watsi da su.

Bari mu fara da inda abin ya fito, tunda ba a ƙasarmu aka haife shi ba. Manyan kamfanonin kwamfuta na Amurka ne suka yayata wannan ɗabi'a. A shekarun 1990 kamfanin Microsoft ya yi suna wajen jefa wa masu neman aiki tambayoyin da ba su cikin littafin kowace makaranta. Wadda ta fi shahara ita ce: me ya sa murfin ƙarfen da ake rufe ramin magudanar ruwa da shi a kan titi yake zagayayye, ba mai kusurwa huɗu ba? Wata kuma: in an ce ka kawar da dutsen Fuji na Japan daga inda yake, yaya za ka yi? Har wani marubuci, William Poundstone, ya rubuta littafi sukutum a kan waɗannan tambayoyi a 2003. Daga baya Google ya ɗauka, wasu kamfanonin suka bi sahu, littattafan amsoshi suka cika kasuwa.

Sai dai akwai abin da masu kwaikwayo ba su cika faɗa ba. A watan Yunin 2013, Laszlo Bock, wanda a lokacin shi ne shugaban sashen ma'aikata na Google, ya shaida wa jaridar New York Times cewa sun duba sun gano tambayoyin nan ɓata lokaci ne kawai. Ya ce ba sa nuna wanda zai iya aiki da wanda ba zai iya ba, babban amfaninsu shi ne su sa mai yin tambayar ya ji shi ma mai basira ne. Abin da ya ce ya fi aiki shi ne ganawa mai tsari, a auna kowa da ma'auni ɗaya, a nemi mutum ya ba da labarin wata matsala ta gaske da ya taɓa warwarewa. Tun kafin nan ma, a 1998, masana biyu, Frank Schmidt da John Hunter, sun tattara binciken shekara 85 a kan hanyoyin ɗaukar ma'aikata, suka nuna cewa ba mutum samfurin aikin ya yi a gani, da ganawa mai tsari, suna cikin hanyoyin da suka fi faɗin gaskiya. Mu ma mun san haka tun kaka da kakanni. In za ka ɗauki magini, gininsa kake zuwa ka gani.

Akwai kuma rashin adalci a ciki. Cikin misalan da Bock ya kawo har da tambayar ƙwallon golf nawa za su cika jirgin sama. Yaron da ya tashi a Tasawa ko Madarumfa, bai taɓa riƙe ƙwallon golf ba, bai taɓa shiga jirgi ba, an kayar da shi tun kafin ya buɗe baki. Wanda kuma ya ga tambayar jiya a wayarsa zai yi kamar yana tunani na minti ɗaya, ya fito da amsar da ya haddace, a ce kai, wannan yaro akwai basira.

To in haka ne, me ya sa nake cewa mu kawo su cikin aji?

Dalili na kusa shi ne, ko muna so ko ba ma so, wasu masu ɗaukar aiki za su ci gaba da yin su, ƴaƴanmu kuma za su ci gaba da zama a kan wannan kujera. Dalilin da ya fi nauyi kuwa shi ne abin da tambayar geron ta tona. Mu duba yadda ɗalibar tawa za ta iya amsa ta da abin da ta riga ta sani.

Da sai ta ce: “Ranka ya daɗe, birnin kaɗai kake nufi ko jihar gaba ɗaya?” In ya ce birnin, sai ta ci gaba da magana a fili: “Ƙidayar 2012 ta ba birnin mutum wajen dubu 267. Garin ya ƙaru tun daga lokacin, bari in ɗauka dubu 400 ne don lissafi ya yi sauƙi. In kowane gida yana da baki takwas, gida dubu 50 ke nan. A birni ana cin shinkafa da masara da taliya, don haka in ce kowane gida tiya ɗaya ta gero a rana, tsakanin fura da kunu da tuwo. Tiya dubu 50 ke nan. Buhu mai kilo 100 yana cin tiya wajen 40. In an raba, buhu 1,250. Da azumi zan ƙara, saboda kunu.”

Mai tambayar ma bai san ainihin adadin ba, kuma ba shi yake nema ba. So yake ya ji yadda take kama matsala ta gutsuttsura ta. Ku lura, babu lissafin da ya fi ƙarfin ɗan CM2 a nan, rabawa biyu ce kawai. Yarinyar ta san tiya, an sha aikenta kasuwa, ta san abin da uwarta ke aunawa kowace safiya. Duk kayan aikin suna hannunta. Abin da ta rasa shi ne yarda cewa tana da izinin ta kintata, ta yi tambaya, ta yi tunani a gaban manya da murya.

Kada wani ya ɗauka kintace aikin malalata ne. Enrico Fermi, masanin kimiyyar nan ɗan Italiya da ya ci kyautar Nobel a 1938, da irin wannan lissafi ya shahara. Ranar 16 ga Yuli, 1945, da aka gwada bam ɗin nukiliya na farko a hamadar New Mexico, ya saki ƴan yagaggun takardu daga hannunsa lokacin da iskar fashewar ta iso inda yake, ya duba nisan da ta kai su, ya ce ƙarfin bam ɗin zai kai na tan dubu 10 na nakiya. Da na'urori suka gama awo, sai aka sami kusan ninki biyu na haka. Da ƴan takardu ya kusanci abin da manyan na'urori suka auna. Shi ne kuma ake ba da labarin yana tambayar ɗalibansa masu gyaran fiyano nawa ne a birnin Chicago, don ya koya musu kada su ji tsoron tambayar da ba ta da amsa a littafi.

Yanzu bari mu dawo ajinmu. Tun muna makarantar horon malamai aka ba mu labarin wani gwaji da masu binciken koyar da lissafi suka yi a Grenoble ta Faransa wajen 1980. Sun ba yara ƴan CE1 da CE2 wannan tambaya: a cikin jirgin ruwa akwai tumaki 26 da awaki 10, shekarun kyaftin ɗin jirgin nawa? Cikin yara 97, guda 76 sun haɗa lambobin sun ba da amsa. Stella Baruk ta rubuta littafi a kan wannan al'amari a 1985. Mun yi dariya a lokacin. Bayan zuwan ɗalibar tawa na gwada a ajina, da Hausa ma, na mai da jirgin motar kasuwa, kyaftin ya koma direba. Mafi yawansu suka ɗaga allo da 36 a rubuce. Yaro ɗaya a baya ya ƙi rubuta komai. Da na tambaye shi, sai ya ce a hankali, kamar mai neman gafara, “Mushe, ai tumaki ba su san shekarun direba ba.” Ajin ya fashe da dariya, shi kuma ya ɓoye fuska. Shi kaɗai ne ya yi daidai, shi ne kuma ya ji kunya.

Yaran nan ba wawaye ba ne. A kasuwa ba za ka cuce su da dala ɗaya ba. Mu ne muka koya musu dokokin da ba a rubuce suke ba: kowace tambaya tana da amsa ɗaya, amsar tana cikin littafin malam, duk lambar da aka ba ka sai ka yi amfani da ita, wanda ya yi kuskure kuma bulala ko dariya ke jiransa. Ga Faransanci a kai. Yaro yana tunani da Hausa, in ya zo faɗa sai tsoron karya nahawu ya kama shi, ya ga shiru ya fi masa rufin asiri. Ya koma gida kuma, in ya cika tambaya a ce ya faye surutu, yaro ba ya tsoma baki a maganar manya. Shekara goma sha shida muna horar da shi a kan haka, sannan rana ɗaya mu tura shi gaban baƙi uku mu ce ya yi tunani da murya. Ai ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin takaicin shi ne al'adarmu ba ta rasa wannan horo ba. Kacici-kacici da dare bayan tatsuniya, mene ne in ba wasa ƙwaƙwalwa ba? Dattawan da ke buga dara a gindin itace, suna hango taku uku ko huɗu a gaba, me suke yi? Da yawa cikinmu mun taso da labarin mutumin da zai ƙetare gulbi da kura da akuya da damin dawa, kwalekwalen kuma abu ɗaya kawai yake ɗauka tare da shi. In ya bar kura da akuya an yi ɓarna, in ya bar akuya da dawa an yi ɓarna. Sai ya kai akuya ya dawo, ya kai kura ya komo da akuyar, ya ajiye ta ya kai dawa, ya dawo ya ɗauki akuya. Ƙetare bakwai. Irin wannan tambaya tana cikin wani tarin tambayoyi na Turai da ake dangantawa da malami Alcuin, fiye da shekara 1,200 da suka wuce, sai dai can kerkeci ne da akuya da kabeji. Darasin da ke ciki shi ne wani lokaci sai ka komo da abin da ka riga ka kai kafin hanya ta buɗe. Yaron da ya sha wahalar gano wannan da kansa ya koyi abin da hadda ba ta bayarwa. Mu muka bar talabijin da waya suka cinye wannan lokacin na dare.

Na san abin da wasu abokan aiki za su ce. Yaran da ba su iya karatu da rabawa ba, ka zo musu da kacici-kacici? Damuwar gaskiya ce. Binciken PASEC na 2014 ya nuna ɗaliban ƙarshen firamare na Nijar da suka kai matakin da ake so a lissafi ba su kai ɗaya cikin goma ba, a 2019 kuma an ci gaba amma ba su kai ɗaya cikin huɗu ba. Sai dai tambayar geron rabawa ce, tambayar direban kuma karatu da fahimta ce. Yaron da ya tara tumaki da awaki ya sami shekarun direba ya iya tarawa, ma'anar tarawar ce bai sani ba. Wannan shi ne ciwon da alƙaluman nan ke nunawa, don haka maganin yana cikin manhajar da muke koyarwa, ba ƙari ne a kanta ba.

Wasu za su ce yara tamanin a ajin zana, ga sufeto na tafe, ina lokaci? Minti goma a sati ya isa a fara. Ba a buƙatar littafi ko kuɗi, sai alli da allo.

Iyaye kuma za su ce, kada a koya wa yara gardama da manya. Ni ma uba ne, ba na son ɗan da ba shi da kunya. Amma “Ranka ya daɗe, birnin kake nufi ko jihar?” ina rashin ladabi a ciki? A zauren karatu ɗalibi yana durƙushe gaban malaminsa yake cewa, Allah gafarta Malam, ban gane nan ba. Hausawa da suka ce matambayi ba ya ɓata ba su ce sai babba kaɗai ba.

Ga abin da nake roƙo. Ƴan'uwana malamai, sau ɗaya a sati mu ba da tambaya ɗaya da ba ta cikin littafi, mu ce ba maki, ba bulala. Mu bar yara su tattauna biyu-biyu da Hausa ko duk harshen da suke tunani da shi, sannan su faɗa. Mu yaba wa hanyar da yaro ya bi ko da bai kai ga amsa ba. Wani lokaci mu ba da tambayar da ba ta cika ba da gangan, wanda ya ce “Mushe, akwai abin da ya rage” a tafa masa. Mu kuma gwada musu tambayoyi masu tarko, irin wannan: kaye da alli guda sun kama dala 110, kayen ya fi allin da dala 100, nawa ne allin? Baki zai yi saurin cewa dala 10. In allin dala 10 ne, kayen dala 110 ke nan, jimla ta zama 120. Amsar dala 5 ce. Daniel Kahneman ya ba da labarin irin wannan tambaya a littafinsa na 2011, inda ya ce fiye da rabin ɗaliban da aka tambaya a manyan jami'o'in Amurka irin su Harvard sun faɗa tarkon. Ku faɗa wa yara haka, su san kuskuren gaggawa ba na ɗan ƙauye kaɗai ba ne, maganinsa kuma shi ne a mai da amsa cikin tambaya a gani ko ta zauna.

Iyaye, ko ba ku yi boko ba, wannan aikin kun fi mu iyawa. Uwa, in kina awon tuwon dare ki tambayi ɗiyarki: buhun nan kwana nawa zai kai mu? Uba, in za ka sayi taki ko za ka biya ƴan ƙwadago, ka sa yaron ya kintata kafin ka faɗa masa. In ya tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ban sani ba, zo mu yi tunani. Yaron da ya ji babansa ya faɗi haka ba zai ɗauki rashin sani a matsayin abin kunya ba.

Matasa masu shirin ganawa, kada ku ɓata dare kuna haddace amsoshin intanet, domin in an sauya kalma ɗaya kun ɓata. In tambayar ta zo, ku maimaita ta da bakinku don a tabbatar kun ji daidai. Ku tambayi abin da bai fito ba. Ku faɗi abin da kuka ɗauka a matsayin zato, ku zaɓi lambobi masu sauƙin lissafi, ku yi aikin a fili, sannan ku duba ko amsar ta yi kama da hankali. In an tambaye ku murfin ramin titi, ku tuna faifan da ke rufe ƙwarya: zagayayyen murfi ko ta ina ka juya shi ba ya faɗawa cikin ramin, mai kusurwa huɗu kuwa in ka karkata shi zai iya shigewa, ga shi kuma zagayayye ana iya mirgina shi ba sai an ɗauka ba. In kun maƙale, ku ce ga inda na kai, ga inda na tsaya. Wannan ya fi shiru nesa ba kusa ba.

Masu ɗaukar aiki kuma, ku ji tsoron Allah a kan ƴaƴan mutane. Wanda ya yayata abin nan ma ya ajiye shi. In akanta kuke nema ku ba shi lissafin da zai riƙa yi, in malami ne ku ba shi alli ya koyar a gabanku. In kuma lalle sai kun yi irin wannan tambaya, ku yi wa kowa ita iri ɗaya, ku faɗa masa tun farko cewa hanyar tunaninsa kuke son ji.

Kafin ɗalibar tawa ta tafi na ɗauko takarda na ce mu yi tambayar geron tare. Ban faɗa mata komai ba sai tambayoyi. Gidanku mutum nawa? Tiya nawa Inna ke aunawa? Ba a yi minti biyar ba ta kai ga amsa, har ta gyara mini, ta ce tiya ɗaya ta yi kaɗan ga gidan da ke dama fura kullum. Ta dubi takardar ta daɗe, sannan ta ce, “Mushe, ashe na sani.”

Na ce mata laifin ba nata ba ne. Wannan shekarar ina da wasu yaran a gabana, ranar Juma'a kuma minti goma na ƙarshe nasu ne. Allah ya ba ƴaƴanmu ilimi mai amfani, ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu.